Maganin tsatsa kafin fenti: amsa ga mai Golf 3

Wani bawan Allah ya kawo tambaya a kan motarsa, Golf 3 'yar Kwatano, wadda tsatsa ta ɓullo wa a bakin tayoyin baya, da ƙasan ƙofofi, da wani ɗan wuri a gefen gilashin gaba. Ya sayo maganin tsatsa na kwalba, irin wanda ake shafawa tsatsar ta koma baƙa. Ya kankare fentin da ya kumbura, ya shafa maganin da yamma, da gari ya waye ya tarar wurin ya yi baƙi ƙirin, wasu wuraren kuma da wani farin gari a kai kamar an barbaɗa alli. Yana so ya san ko ya kai wa mai fenti haka a buga fila, wato ƙullun da ake cike lotsawar jikin mota da shi, a fesa, kuma ko gaskiya ne abin da mai shagon ya gaya masa, cewa maganin ya kashe tsatsar ke nan har abada.

Malam, kada ka kai ta tukuna. Idan aka fesa fenti a kan wurin nan yadda yake yanzu, kuɗinka ka zubar, kuma ba za ka gane ba sai damina ta zagayo. Abu biyu ne suka rage. Tsatsar tana nan a ƙarƙashin baƙin da kake gani, sannan farin garin nan asid ne da ya bushe a kan ƙarfen, shi kuwa ya ma fi tsatsar saurin tayar da fenti.

Bari mu fara da abin da maganin yake yi, domin in ka gane shi sauran duk za su zo maka da sauƙi. Tsatsa ƙarfe ne da ya haɗu da iska da danshi ya ruɓe. Ba ta kwanciya lif a kan ƙarfe, kumbura take yi, tana cin wuri ninki da yawa na ƙarfen da ta cinye, shi ya sa take ɗaga fenti ya yi bororo. Cikinta kuma kamar soso yake, tana shan ruwa ta riƙe. Da yawa daga cikin magungunan da ake sayarwa asid ɗin fosforik ne a ciki. Idan ya taɓa tsatsa sai ya narkar da wani ɓangare, ya juya wani ɓangaren zuwa wani sinadari mai ruwan toka ko baƙi wanda ruwa ba ya narkarwa. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Wani Bature ɗan Ingila, Thomas Watts Coslett, ya yi rajistar dabarar tun 1906, kuma har gobe kamfanonin ƙera motoci suna tsoma gangar jikin mota cikin ruwa mai dangin wannan sinadari kafin a yi mata fenti. Sai dai su a kan sabon ƙarfe mai tsabta suke yi, cikin tanki, da ma'aunin zafi, sannan su ɗauraye shi tas sau da yawa. Riƙe wannan maganar ɗaurayar, za mu dawo kanta.

Matsalar maganin kwalba ita ce iyakarsa inda ya jiƙa. Idan tsatsar mai kauri ce, sai ya juya fatar sama ta yi baƙi, fatar nan ta toshe hanya, na ƙasa ya zauna lafiya lau. Ba sai ka yarda da ni ba. Ɗauki sukundireba ko tsinin wuƙa ka karce baƙin nan da ƙarfi a bakin taya. Na tabbata za ka ga ja ko ruwan ƙasa ya leƙo. To wannan jan shi ne abin da mai shago ya ce maka ya mutu.

Akwai kuma dalilin da ya sa taka motar ta fi buƙatar a kula. An fara ƙera Golf 3 a 1991, kuma ba a lulluɓe dukan jikinta da tutiya ba kamar yadda aka yi wa Golf 4 da ta biyo ta a 1997. Tutiya ita ce farin rufin nan da ke hana kwanon rufi yin tsatsa. Ga shi kuma kafin ta iso Kwatano ta yi shekaru a ƙasashen da ake watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, irin su Jamus da Beljiyam da Holan. Gishirin nan yana shiga cikin ramukan tsatsa ya zauna. A busasshiyar iskar Arewa yakan yi barci, shi ya sa mota za ta shekara biyu ba ta nuna komai ba, amma da laka ta manne a bakin taya da damina, ko ruwan wanki ya kwanta a cikin ƙofa, sai ya farka. Maganin tsatsa ba ya cire gishiri. Idan ka rufe shi da fenti, shi zai riƙa janyo danshi ta cikin fentin a hankali har ya tara ruwa a ƙarƙashi, ka ga ƙuraje sun fito jere. In ka fasa ɗaya da allura ruwa ne zai fito. Masu wagon da ke ɗaukar takin zamani da gishiri da awaki a but, haka abin yake a ƙasan but ɗinsu, don taki da fitsarin dabba ba su da wasa wajen cin ƙarfe.

Yanzu ka duba kwalbarka, domin abin da muke kira maganin tsatsa ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Akwai mai ruwa-ruwa tsararo, wani lokaci kore-kore, ko mai kauri kamar man shafawa, irin su Ospho da Naval Jelly. Wannan shi ne mai asid ɗin fosforik, wanke shi ake yi, kuma daga bayaninka na farin gari, shi ne a hannunka. Akwai mai duhu kamar ruwan shayi da ya daɗe a wuta, irin su Fertan, wanda aka yi da sinadarin tanin. Wannan kuwa mu ba baƙonmu ba ne, shi ne abin da ke cikin bagaruwar da majema suke jima da ita. Jiƙa bagaruwa ka jefa tsohuwar ƙusa mai tsatsa a ciki, ka dawo ka ga yadda ruwan zai koma kamar tawada. Aikin da maganin yake yi a jikin mota ke nan, kuma shi ma ana barinsa kamar kwana ɗaya da ɗan danshi sannan a wanke baƙin garin da ya bari. Na ukun shi ne fari kamar nono, irin su Kurust, wanda aka haɗa da wani ɗanko da ke bushewa ya zama fata a kan wurin. Shi ba a wanke shi. To ka ga wanda ya ji an ce ba a wankewa, alhali na farkon ne a hannunsa, ya shiga uku. Wanda kuma ya wanke na ukun ya zubar da kuɗinsa a kwata.

Wani zai ce ai a jikin wasu kwalaben na farkon an rubuta a bar shi ya kwana, a goge garin, a yi fenti. Haka ne, an rubuta. Amma fentin da suke nufi shi ne fentin mai na gwangwani, wanda ake shafa wa get da tankin ruwa da tagogi. Fentin mota na zamani, musamman firaimar ifoksi mai haɗi biyu, wato shafin farko da ake yi wa ƙarfe kafin launi, jininsa bai haɗu da asid ba. Ifoksi tana bushewa ne ta hanyar haɗuwar ruwanta da hadinarta, wato ruwa na biyun da ake zuba mata don ta yi tauri, asid kuwa yana lalata hadinar daidai inda ta taɓa ƙarfe. Sai sama ta bushe ƙam, ƙasa kuma ba ta kama komai ba.

Ni kaina sai da na sha wannan kafin na yarda. Shekarun baya aka kawo mana wata mota mai tsatsa a rufi, muka gurje, na sa yarona ya shafa asid da la'asar, muka tashi. Da safe rufin ya yi kyau, ruwan toka mai duhu, sumul. Na goge da tina, wato ruwan sirka fenti, na fesa ifoksi, muka yi fenti, mai mota ya biya har da tukuici. Bayan kamar wata biyar ya dawo, wai tsakuwa ta ɗan fasa fentin a gaba. Na sa farce a wurin don in ga zurfinsa, sai fentin ya biyo hannuna. Haka na riƙa jansa yana saɓulowa kamar ana ɓare leda daga sabuwar katifa, faɗin tafin hannu biyu a ja ɗaya. Bayan fatar baƙi ne, ƙarfen kuma ko ɗigon firaima babu a kansa. Tina ba ta wanke asid, ruwa ne kawai ke ɗauke shi. Da kuɗina na sake rufin nan, tun daga ƙarfe.

Ga yadda za ka ceto naka aikin. Kafin komai, bi duk wuraren da sukundireba kana dannawa da ƙarfi, kada ka ji tausayin motar. Ƙarfen jikin mota bai kai kaurin milimita ɗaya ba, yawanci wajen 0.7 zuwa 0.8 ne, don haka ba shi da rarar da tsatsa za ta ci a bar saura. Duk inda ya burma, ko ya lotsa kamar kwali, maganar magani ta ƙare a nan. Sai mai walda ya yanke har inda ƙarfe yake da lafiya, ya sa sabon faranti. Kuma a gama walda kafin asid ya zo kusa, don waldar ba ta kamawa da kyau a kan wurin da aka shafa, ga hayaƙi mai cutarwa. Na sha buɗe bakin taya in tarar an cusa takarda ko ragar sauro a rami an buga fila a kai. Kada ka bari a yi maka wannan gyaran gangar auzinawa, ko da an ce maka rabin kuɗi ne.

Inda ƙarfen ya tsaya da ƙarfinsa, sai wanki. Omo da ruwa mai yawa da burushi, ciki da waje, musamman leɓen bakin taya ta ciki inda laka take taruwa. Sa hannu ka laluba, za ka ciro busasshiyar laka cike da tafi. Wankin nan shi ke fitar da gishiri, kuma shi ke cire maiƙo, don asid ba ya ratsa mai. Idan an taɓa fesa wa ƙarƙashin motar baƙin mai, kamar yadda wasu ke yi don tsoron tsatsa, sai ka ninka wankin, in ba haka ba fenti zai riƙa buɗe ƙananan idanu duk inda ɗigon man ya taɓa.

Daga nan sai gurza, kuma nan ne ainihin aikin yake, kashi tara cikin goma a ganina. Samfefa mai lamba 80 a kan inji, a ci fenti da baƙin maganin da tsatsar gaba ɗaya har ƙarfe ya fito fari yana ƙyalli, a kuma zarce kamar faɗin yatsu uku cikin fenti mai lafiya, don tsatsa takan yi rarrafe a ƙarƙashin fenti fiye da inda ido yake gani. Kada mai gurza ya tsaya wuri ɗaya har ƙarfen ya yi shuɗi, zafi zai lanƙwasa shi. A yi hattara da burushin waya na inji. Yana da kyau wajen kaɗe ɓawon tsatsa, amma in aka daɗe ana murza shi, goge tsatsar yake yi ta yi sheƙi kamar ƙarfe, mutum ya ɗauka ya gama. In da wanda ke da injin feshin yashi a kusa da kai, ya fi komai shiga rami, sai dai ƙurar yashi tana lalata huhu, ba aikin da ake yi da ƙyalle a hanci ba ne.

Bayan gurza za ka ga ƙarfen fari, amma da ƙananan ramuka baƙaƙe kamar zanen zanzana a fuska. Samfefa ba ta kai wa gindinsu, in kuwa ka ce sai ka cinye su da inji, ƙarfen za ka huda. To ga gurbin maganin tsatsa. Domin waɗannan ramukan aka yi shi, ba domin ɓawon tsatsa mai kaurin ƙosai ba.

Zuba kaɗan a wani ƙoƙon roba, kada ka tsoma burushi cikin kwalbar, don tsatsar da ke jikin burushin za ta kashe sauran. Shafa, ka riƙa cuɗawa da ƙaramin burushin waya na hannu ko soson ƙarfe, kuma kada ka bar shi ya bushe. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace. Da ka ga gefe ya fara shanyewa, ƙara wani. Minti goma zuwa ashirin, sai ka share da tsumma ka duba ramukan. In da sauran baƙi ko ja a gindinsu, sake. Wani wurin sau biyu ya isa, wani sai sau biyar. Ni burina in ga ramin ya koma ruwan toka mai haske har ƙasa, wato asid ya cinye tsatsar ya fitar da ita, ba rufe ta ya yi ba. Sannan, tun wurin yana jiƙe da maganin, ka kwarara masa ruwa mai tsabta kana gogawa, ka sake, ka kuma sakewa. In ruwan rijiyarku ko na burtsatse yana da ɗanɗanon gishiri ko kanwa, yi ɗaurayar ƙarshe da fiya wata, leda huɗu ko biyar ba za su talauta ka ba.

Maganin da ka riga ka bari ya kwana fa, a lungunan da samfefa ba ta shiga? Ruwa kaɗai ba ya tayar da shi da kyau in ya bushe. Sabon magani za ka shafa a kai, shi zai narkar da ɗan'uwansa cikin 'yan mintoci, ka cuɗa, ka ɗauraye tun yana jiƙe. Abin kamar wasa, amma hanyar ke nan.

Za a ba ka shawarar ka kashe asid ɗin da bekin soda, wani ma zai ce kanwa. Soda tana kashe asid, gaskiya ne, amma ita ma tana barin nata garin, wanda in bai fita ba fenti ba zai kama ba, ka ga an gudu ba a tsira ba. Kanwa kuwa kada ta kusanci motarka, akwai gishiri a cikinta, abin da muka sha wahalar fitarwa tun farko. Ruwa mai yawa ya wadatar. Haka nan kada wani ya ce maka ruwan batir ma asid ne, ya fi arha. Ruwan batir da asid ɗin wanke tayil suna cinye tsatsa cikin ƙiftawar ido, amma suna cin ƙarfen da kansa, kuma abin da suke bari a ramukan yana dawo da tsatsar da gudu fiye da da. Masu cewa a zuba Coca-Cola ba ƙarya suka yi ba cewa akwai fosforik a ciki, sai dai ɗan mitsitsi ne, ga sukari da za ka bar wa fenti.

Da ka gama ɗauraya, busarwa ba ta jira. Iskar kwamfiresa a kowane lungu, sannan a tura motar rana ta sha zafi. Za ka iya ganin wani siririn launi kamar ruwan zinariya ya hau ƙarfen cikin mintoci. Kada hankalinka ya tashi, sabuwar tsatsa ce ta sama-sama, samfefa 180 tana share ta. Ni dama nakan sake bin wurin duka da samfefa bayan asid, don ƙarfen ya sami kaushin da firaima za ta riƙe, maganin ya rage a cikin ramuka kaɗai. A goge da ruwan share maiƙo na masu fenti da farin tsumma har tsumman ya daina ɗauko datti. Daga nan kada kowa ya dafa wurin da hannu. Gumi gishiri ne, kuma na sha ganin shatin yatsu biyar na tsatsa a ƙarƙashin fenti.

Lokacin yin aikin ma yana da muhimmanci a wajenmu fiye da yadda takardar kwalbar take zato, don an rubuta ta ne da yanayin ƙasashe masu sanyi a rai. Yawancinsu suna son zafin da bai wuce digiri talatin da 'yan kai a ma'auni ba. A watan Afrilu kuwa, motar da ke tsaye a rana a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ƙarfenta ba ya taɓuwa da hannu. In ka shafa magani a kai, kafin ka ajiye burushi ya ƙafe, bai ci komai ba sai farin gari da ya bari. Yi da sassafe, a inuwa, ɗan wuri kaɗan-kaɗan, kamar faɗin littafi. Hunturu yana da daɗin aiki don ƙarfe ba ya saurin sake tsatsa, amma magani yana saurin bushewa, ga ƙura. Da damina kuwa kada ka buɗe ƙarfen da ba za ka iya rufewa a ranar ba.

Rufewar kuma da ifoksi, shafi biyu, a ranar da aka wanke. A auna haɗin yadda aka rubuta a gwangwani, ba da ido ba. Firaimar nan mai ruwan toka mai arha da ake sirkawa da tina kawai ba ta hana ruwa shiga, in aka bar mota da ita mako biyu a waje za ka ga tsatsa ta huda ta. Akwai kuma wata firaima mai asid a cikinta, wadda ake fesa wa sabon ƙarfe don ta ci ta kama. Ita ba a haɗa ta da maganin tsatsa, asid a kan asid ke nan, kuma ba a buga fila a kanta. Filar ita kanta shan ruwa take yi kamar bulo, shi ya sa na fi son ta hau kan ifoksi maimakon ƙarfe tsirara a wurin da ya taɓa tsatsa, kuma kaurinta kada ya wuce milimita uku. In rami ya fi haka zurfi, aikin guduma ne, a buga ƙarfen ya taso. Bayan fila a sake rufe ta da firaima, a bi da samfefa 320 ko 400, sannan launi.

Farin maganin nan mai kama da nono ban hana ka shi ba, amma ni ba na sa shi a fuskar mota inda za a yi fenti mai sheƙi. Fatar da yake yi ba ta kama ƙarfe mai tsabta sosai, kuma tina mai ƙarfi takan tausasa ta. Wurinsa ƙarƙashin mota, da cikin but ƙarƙashin kafet, da ramin safaya, inda inji ba ya shiga kuma ba mai kallo. A can yana sayo maka lokaci, shekara ɗaya ko biyu ko fiye, gwargwadon yadda aka kankare kafin a shafa da abin da aka rufe shi da shi.

Ƙofofinka kuwa, a nan zan ɗan ɓata maka rai. Ƙasan ƙofa faranti biyu ne aka naɗe bakin ɗaya a kan ɗaya, kuma tsatsar da ke wurin daga ciki take fitowa. Ruwan da ke bin gilashi yana sauka cikin ƙofar, ya kamata ya fita ta wasu ƙananan ramuka a ƙasa, ƙura ta toshe su, ruwa ya kwanta. Abin da ka gani a waje ƙarshen labari ne. Idan ka tsiyaya asid cikin naɗin nan, zai shiga, amma ba za ka iya ɗauraye shi ya fito ba. Zai zauna, duk ranar da danshi ya same shi ya tsattsafo ya ci gefen fentin. Don haka kada ka zuba mai ruwa-ruwan a cikin haɗin faranti. Cire kwalin ƙofar, leƙa da tocila. In naɗin ya kumbura ya buɗe baki, je kasuwar kayan mota irin Ƙofar Ruwa ko Panteka ka nemo ƙofa ta hannu mai lafiya, sau da yawa ta fi gyaran arha, kuma ka duba ƙasanta kafin ka biya. In bai kumbura ba, a kankare, a busar, a buɗe ramukan da waya, bayan an gama fenti a fesa kakin hana tsatsa a ciki ya gangara cikin naɗin. Bayan fenti na ce, don kakin nan in ya riga fenti zuwa ya ɓata aikin.

Na gefen gilashi shi ma ba a yi masa rabin aiki. Gilashin gaban Golf 3 da gam aka manne shi, kuma tsatsar da ta leƙo gefen roba ta fi yawa a ƙarƙashi. Sai an cire gilashin. A nan ina so a gurje har farin ƙarfe, a yi ifoksi, kuma kada fila ko fatar maganin tsatsa ta kasance a layin da gam zai zauna, domin duk ƙarfin gam ɗin iyakarsa ƙarfin abin da ke ƙarƙashinsa. In an yi sakaci, ruwa zai riƙa ɗiga kan kafet, shekara mai zuwa kuma ƙasan motar ne zai ruɓe.

Ka kiyaye inda maganin yake ɗiga. Yana dusar da fenti mai lafiya, yana cin tutiya a duk farantin da ke da ita, yana ɓata alminiyam. Kada ya taɓa bututun birki, da sifirin, da manyan kusoshin ƙafa, don asid yana iya sa ƙarfe mai tauri irin wannan ya yi gautsi. Kai kanka sa safar hannu ta roba da tabarau, musamman in kana kwance a ƙarƙashi kana shafawa sama. In ya faɗa ido, ruwa mai gudu minti goma sha biyar ba tsayawa, sannan asibiti. Kada a haɗa shi da haifo. Kuma don Allah kada a juye ragowar a gorar lemo a ajiye a gida inda yara suke. Ranar feshi kuma mai fenti ya sa abin rufe hanci na gaske mai matata, don hadinar fentin mota tana kama ƙirji.

Kafin a fesa launi, ga gwajin da nake yi tun daga ranar rufin nan, kuma ka tsaya a yi shi a gabanka. Bayan ifoksi ta kwana biyu ko uku ta bushe, zaɓi wuri ɗaya cikin inda aka shafa magani, ɗauki sabuwar reza ka tsaga layi shida a tsaye, shida a kwance, har ƙarfe, tazarar kamar milimita biyu, su yi ƙananan gidaje kamar na dara. Manna salatif mai ƙarfi a kai, murza shi da babban yatsa, ka fizge da sauri. In salatif ya fito fes, ko da ɗan burbushi a bakin layukan, a shafe wurin gwajin a ci gaba da aiki. In gidajen suka biyo shi, juya ka dubi bayansu. Baƙi ko fari-fari a baya, asid ne bai fita ba. Ja, tsatsa ce aka bari. Ko wanne ne, a mayar da wannan farantin ƙarfe tsirara a sake, tun asarar ba ta wuce rabin gwangwanin firaima ba.